Wa ya taɓa shiga wasan rok ido da ido? Ku ba ni labari kafin in zubar da kuɗina

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni, don Allah kar a mai da ita wasa. Ina karatu a Manchester, abokan ajinmu sun matsa mini lamba sai na bi su wasan wata ƙungiyar rok da za ta zo garin. Kuɗin tikitin kaɗai ya isa in yi cefane mai kyau. Ni kuma a ganina, waƙar da zan ji a waya kyauta, ina ɗakina da shayina a hannu, me zai sa in biya kuɗi in je in tsaya da ƙafa har dare cikin sanyi ana kurma mini ihu? Su sun dage wai abin da ake ji a wurin ba ya shiga waya. Akwai wanda ya taɓa zuwa a cikinmu? Gaskiya ne ko cika baki ne irin na masoya?

Dan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Malam Sadiq turo mini kuɗin, ni zan yi maka ihun ta waya, har da ragi.

Hajjo_KL:
Ƙanena rabu da Dan_Kurmi. Ni na je, kuma ban yi da-na-sani ba. Ina Malesiya lokacin da Coldplay suka zo filin wasa na Bukit Jalil a watan Nuwamban 2023. Kafin zuwansu an sha ce-ce-ku-ce, jam'iyyar Musulunci ta PAS ta nemi a soke wasan, amma dai aka yi. A bakin ƙofa kowa ana ba shi wani abin hannu na roba mai fitila a ciki, ba kai kake kunna shi ba, daga can wurin masu sarrafa wuta ake juya shi. Da aka kashe fitilun filin gaba ɗaya, sai hannun mutum sama da 70,000 ya kama da haske lokaci guda, ja, ya koma shuɗi, ya koma ruwan ɗorawa, yana bin kiɗan. Na sha ganin bidiyon wannan abin kafin ranar, amma da ya faru ina ciki sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da ya fi tsaya mini ma ba fitilun ba ne. Akwai inda mawaƙin ya yi shiru ya bar wa jama'a amshi, muryar mutane ta cika filin har kana jin ta a ƙafarka. Kusa da ni wasu 'yan mata ne Malayu da hijabansu, ɗaya tana kuka tana rerawa. Wannan kam waya ba ta ɗauko shi.

Injiniya_Berlin:
Hajjo, da girmamawa, Coldplay ai kiɗan lallashi ne. In ana maganar rok a yi maganar rok. Ni Rammstein na gani a nan Berlin. Sadiq, waɗannan mutanen da wuta suke aiki, wuta ta gaske. Harshen wuta yana tashi daga dandamali da kuma wasu hasumiyoyi da suka kafa a tsakiyar filin, ina can nesa amma duk tashin da za ta yi sai na ji zafin a fuskata. Da Jamusanci suke waƙa, kuma a lokacin Jamusancina bai wuce na sayen burodi ba, amma ban ji na rasa komai ba. Gangar nan in ta buga, ba da kunne kake jin ta ba, a ƙirji take sauka, rigarka ma tana motsi. A matsayina na mai aikin lantarki rabin hankalina yana kan yadda aka haɗa kayan: manyan motoci ne jere suke ɗauko dandamalin daga gari zuwa gari, a kafa shi cikin kwanaki, a kwance shi a wuce.

Hajjo_KL:
To Injiniya, mun ji, naku ne na maza. Mu bar mu da na lallashin, ba mu koma gida da ƙaurin hayaƙi ba.

Ghali_Agadas:
Salamu alaikum. Ina karanta ku ina dariya, kowa ya tafi Turai da Asiya neman abin da ke bayan gidansa. Ku zo Agadas lokacin aure. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, a tada injin wuta, a jona amfilifaya da ta sha gyara, samari uku da jita da mai ganga ɗaya su tsaya da rawunansu. Mata na gefe guda zaune cikin ado, maza na tsaye, yara sun haye katanga, masu babura sun kewaye wurin sun kunna fitilu. Tun bayan isha'i har inda ƙarfi ya ƙare. Babu tikiti, babu mai gadin ƙofa.

Amma wanda ba zan manta ba shi ne na watan Janairun 2010. Waɗanda ba su san Nijar ba, bari in ɗan koma baya. Tawayen da aka fara a arewa a 2007 ya sa hukuma ta ɗauki jita a hannun Buzu a matsayin kayan tawaye, aka hana. An kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, makaɗin jitar nan ɗan Agadas, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Da aka yi sulhu ya dawo gida, Sarkin Abzin ya ba da izini aka yi wasa a gindin babban masallacin Agadas, wannan mai doguwar hasumiyar ƙasa da kuke gani a hoto. Ina wurin. Mutanen da suka yi shekaru ba su taru a fili da dare ba saboda dokar ta-ɓaci, ga su sun cika wurin. Da ya fara sakin yatsu a kan jitar nan, tsofaffin mata suka ɗauki guɗa, samari suka ruga tsakiya, ƙura ta tashi har ba ka ganin makaɗan sosai. Na ga dattijon da na sani da kame kai ya ɗaga sandarsa sama yana juyi. Kayan sautin ba su kai na Berlin ko kusa ba, Injiniya, amma ban ga abin da za a ba ni in musanya wannan daren da shi ba.

Dan_Kurmi:
Malam Ghali, kiɗan Buzaye kuma ya zama rok? Ashe mu ma 'yan rok ne ba mu sani ba.

Injiniya_Berlin:
Dan_Kurmi, a nan kam ina bayan Ghali. Jitar lantarki ce, da bes, da ganguna, da murɗa sauti har ya yi ƙara. Me ya rage? Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, ya zo Turai na je na gan shi a wani ƙaramin zaure. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, kuma in ya shiga gudu yatsunsa ba sa ganuwa. Turawan da ke wurin masu baƙaƙen riguna da dogon gashi, irin waɗanda nake gani a wasannin metal, wato rok mai tsananin ƙara, su ne suka fi kowa haukacewa. A ƙarshen kowace waƙa mai gangar yana ƙara sauri, yana ƙarawa, har ka ce yanzu abin zai watse, amma ba ya watsewa.

Bello_Sakkwato:
Kuma ku sani Mdou Moctar a garinmu ya fara naɗar waƙoƙinsa, a Sakkwato a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa suke amfani da ita. Daga nan waƙoƙin suka riƙa yawo a katin waya, ana tura wa juna ta Bluetooth har Mali, kafin wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel ya ji ya nemo shi. Jitarsa ta farko ma da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Don haka in an raba gadon nan muna da kaso.

Zee_Kaduna:
Ni Tinariwen na sani a cikinsu, su ma 'yan Nijar ne ko?

Ghali_Agadas:
A'a ƙanwata, Tinariwen 'yan arewacin Mali ne, yankin Kidal, kuma a gudun hijira suka haɗu, tsakanin Aljeriya da Libiya. Su ne iyayen gidan wannan kiɗan gaba ɗaya, sun ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2012. Namu na Nijar su ne Bombino, Mdou Moctar, Etran de l'Aïr waɗanda suka fito daga wasan aure na Agadas, da 'yan matan Illighadad. A da akwai bikin hamada da ake yi a Mali, a Essakane bayan Tumbuktu, har Robert Plant na Led Zeppelin ya je ya yi wasa a 2003. An yi na ƙarshe a Janairun 2012, yaƙi ya ɓarke, shi ke nan. Yayana ya je sau ɗaya, har yau in ya fara labarin sai an yi masa magana yake tsayawa.

Abu_Hafsat:
Jama'a ku ji tsoron Allah. Yaro ya tafi neman ilimi, maimakon ku ce ya riƙe karatunsa da sallarsa, kuna zuga shi ya je inda ake shan giya ana cakuɗa maza da mata. Sadiq, iyayenka ba don wannan suka tura ka ba. Kuɗin nan ka aika wa mahaifiyarka ta sa maka albarka.

Hajjo_KL:
Malam Abu Hafsat, Allah ya saka da alheri, nasiha ce kuma mun karɓa. Sai dai ba kowane wuri ne yadda kake zato ba. Inda na je na yi magariba da isha'i a masallacin filin kafin a fara, kuma sahu ya cika da waɗanda suka zo kallon. Ban ce haka yake a Ingila ba.

Injiniya_Berlin:
A Turai kam gaskiyar Malam ce ta wannan fuskar, giya tana nan kamar me, kuma in aka yi murna wasu har watsa ta sama suke yi da kofin roba. In kana tsaye a tsakiya sai ta taɓa maka riga. Wanda wannan zai dame shi ya sayi tikitin kujera a gefe, ko ya haƙura.

Abu_Hafsat:
To kun ji da bakinsa.

Mai_Zaure:
Malam ya faɗi nasa, an ji. Hukuncin kiɗa malamai sun daɗe suna magana a kai, ba a wannan zaren za mu warware shi ba. Wanda zai ci gaba da wannan ya buɗe nasa zaren. A koma kan tambayar Sadiq, kuma ban da gugar zana.

Baba_Nima:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Jikata ce ta nuna mini wannan hira, ita take rubuta mini abin da nake faɗa. Ni a Nima aka haife ni, cikin Ankara ta Gana. Ranar 6 ga Maris 1971, ranar bikin 'yancin Gana, aka kawo mawaƙa daga Amurka suka yi wasa a dandalin Black Star, bakin teku. Ina saurayi lokacin. Wilson Pickett shi ne wanda kowa ya je dominsa, don faifansa ya cika gari. Akwai Ike da Tina Turner, akwai Roberta Flack, akwai Staple Singers. Amma ni wanda ya tsaya mini a rai Santana ne. Ba mu san shi sosai ba kafin ranar. Wani siririn saurayi mai gashi ya fito, ya rufe ido, ya ja waya ɗaya ta jitar ya riƙe ta tana kuka, ba ya sakinta. A bayansa kuma masu ganguna irin na Kuba suna ta aiki, kiɗan da kunnenmu ya riga ya sani. Mutanen zango da 'yan ƙabilar Ga da Asante duk muka rikice. An fara da yamma, ba a tashi ba sai da gari ya waye. Na koma gida na tarar mahaifina ya dawo daga masallaci yana zaune a ƙofa yana jirana. Abin da ya biyo baya ba na yara ba ne, amma ko a lokacin da ake yi mini, kiɗan nan yana kaina.

Sadiq, ban ce ka je ba, ban ce kar ka je ba. Shekara sama da 50 ke nan, na manta sunayen abokan da muka tafi tare, ban manta kukan jitar nan ba.

Zee_Kaduna:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wallahi wannan labarin ya fi duk na sauran. A gaida jika mai rubutu.

Bello_Sakkwato:
Baba ya tuna mini. Yaran yanzu suna ɗauka rok baƙo ne a Afirka ta Yamma, alhali a shekarun 1970 Legas cike take da shi. BLO, Ofege waɗanda 'yan makarantar St. Gregory's ne a Obalende, da Funkees daga gabas bayan yaƙin basasa. Ginger Baker, Baturen Ingila mai gangar ƙungiyar Cream, da mota ya ratsa Sahara ya zo Najeriya, ya kafa situdiyo a Legas, ya yi wasa da Fela. Paul McCartney ma a Legas ya naɗi faifai a 1973. Kawuna da ya yi aikin jirgin ƙasa yana da tarin faya-fayan nan, mu muka lalata su muna yara muna wasan mota da su, Allah ya yafe mana.

Sadiq_Fagge:
Baba na gode, Allah ya bar mana ku. Gaskiya jikina ya fara sanyi. Amma har yanzu ban ji wanda ya je ya dawo yana cizon yatsa ba. Ba zai yiwu a ce kowa ya ji daɗi ba.

Auwal_Leeds:
Ga ni nan. Na je na wata babbar ƙungiya a filin ƙwallo, ba zan faɗi suna ba kar masoyansu su cinye ni. Na biya kuɗi mai ciwo, aka ba ni kujera can ƙololuwa, mawaƙan ba su fi tsawon ɗan yatsa ba a idona. Ƙarshenta allon talabijin na wurin na yi ta kallo, wato na biya kuɗi na zo kallon talabijin cikin ruwan sama. Sautin yana dukan rufin filin yana dawowa, kalma ɗaya ban tsinta ba. Na gabana kuma tun daga farko har ƙarshe wayarsa a sama, ta cikin wayarsa nake leƙen dandamalin. Ruwan sha kuɗi, abinci kuɗi, bayan an tashi jirgin ƙasa ya cika na yi tsayuwar da ta fi ta cikin filin. Sadiq, ra'ayinka na farko shi ne daidai, zauna da shayinka.

Hajjo_KL:
Auwal ai kai wurin zama ne ya cuce ka, ba wasan ba.

Auwal_Leeds:
Hajiya, wurin zaman da aljihuna ya iya saya ke nan. Na ƙasa kusa da dandamali ninki biyu ne. Kuma kin ga abin da ya faru da tikitin Oasis a 2024, da suka ce za su dawo bayan rabuwarsu ta 2009: mutane sun yi sa'o'i a layin intanet, tikitin tsayuwa da aka sa kusan fam 150, kafin layi ya zo kansu ya haura fam 350, wai farashi yana bin yawan masu nema. Har hukuma ta shiga bincike. Abin ya zama kasuwa tsagwaronta. Sadiq yana Manchester, garinsu ne, ya tambayi abokan nasa nawa suka biya na wasan da suka yi a filin Heaton Park.

Nurse_Rabi:
Ni ta fannin aikina zan shigo. Duk wanda zai je, ya tafi da abin toshe kunne. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne ƙarfin sauti desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ku lissafa da kanku: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, kafin ka kai 100 saura minti 15. Wasan rok kuwa yana kai 100, yana wucewa, kuma ana yin awa 2 ko fiye. Shi ya sa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kar matsakaicin sautin wuraren nan ya wuce 100. Wannan ƙarar "ziii" da mutum yake ji in ya kwanta bayan wasa alama ce ta cewa ƙananan gasun da ke cikin kunne sun jigata, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Akwai abin toshewa na musamman da makaɗa suke sawa, yana rage ƙarfin ne kawai ba ya dusashe kiɗan, kuma ba shi da tsada. Kar kuma a tsaya a gaban lasifika.

Wannan ba na masu zuwa Turai kaɗai ba ne. DJ ɗin bikinmu na nan gida da yake jingina lasifika a bayan kujerar amarya, da jarirai a goye, shi ma a faɗa masa.

Dan_Kurmi:
Anti Rabi, mu da muke kwana da janareta a bakin taga ai kunnen ya riga ya tafi.

Injiniya_Berlin:
Maganar Anti gaskiya ce. Akwai wani ƙaramin kulob da na shiga ba tare da komai a kunne ba, washegari a wurin aiki ana yi mini magana ina jin ta daga nesa. Tun daga nan abin toshewar yana cikin makullaina. Abin dariya, Metallica da suka yi wasa a Antatika a 2013, don su cika nahiyoyi 7, ba su kunna lasifika ba sam saboda dokar kare muhallin wurin, 'yan kallon ta abin sawa a kunne suka ji.

Maman_Ikram:
Ni ba kunne ne tsorona ba, turmutsitsi ne. Ɗana yana can waje, kullum gabana faɗuwa yake in na ji ya je taro. Ba a Denmark ba ne mutane suka mutu a irin wannan wasan?

Injiniya_Berlin:
Haka ne Hajiya, a bikin Roskilde a shekarar 2000, Pearl Jam suna kan dandamali, mutum 9 suka rasu a matsi a gaba. Kafin nan a Cincinnati a 1979 mutum 11 sun mutu a bakin ƙofa wajen shiga wasan The Who. Bayan Roskilde an canza abubuwa da yawa, yanzu ana raba gaban dandamali da shingen ƙarfe gida-gida, ana ƙayyade yawan waɗanda za su shiga kowane gida, ma'aikata suna tsaye suna miƙa ruwa suna ciro wanda ya galabaita. Kuma abin da zai ba ki mamaki, wannan da'irar da samari suke buɗewa a tsakiya suna ture juna, wadda in kin gani a bidiyo za ki ce faɗa ne, tana da ladabinta. Duk wanda ya faɗi, nan take ake tsayawa a ɗaga shi. Na ga an ɗaga takalmin wani sama ana neman mai shi.

Auwal_Leeds:
Kuma matsi ba ruwansa da irin kiɗan. A Brixton cikin Landan, Disambar 2022, wasan Asake ne, namu na Najeriya, mutum 2 suka rasa ransu a cunkoson ƙofa. Duk inda aka tara mutane fiye da ƙofa, sai Allah.

Maman_Ikram:
Innalillahi. Kun ƙara mini tsoro ne ma. Sadiq in ka je don Allah ka tsaya kusa da hanyar fita, kuma ka sanar da wani inda kake.

Hadiza_Yamai:
Sannunku. Na makara amma bari in sa baki, don na ga Ghali yana neman ya kwashe Nijar duka ya kai Agadas. Mu ma a Yamai muna da Tal National, kuma in dai juriya ake magana ban ga mai kama su ba. Suna iya yin awa 5 suna kiɗa ba hutawa, makaɗan suna karɓar juna, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan jita ko sandunan ganga ba tare da kiɗan ya tsaya ba. Waƙa ɗaya za ka ji Zabarmanci, ta gaba Hausa, ta gaba Fulatanci ko Tamashek. Shugabansu Almeida ya yi aikin alƙali fa, a lokacin da rana yana kotu da dare yana kan jita. Na je da yayyena mata, muka ce za mu ɗan leƙa mu dawo, ba mu fito ba sai da ƙafafuna suka kumbura.

Sadiq, amsar tambayarka a wurina ita ce wannan. Ka taɓa jin kalangun dambe a rediyo, ka kuma taɓa tsayawa a gidan dambe lokacin da makaɗi ya kama taken wani ɗan dambe, ka ga yadda mutumin yake rawar jiki yana fitowa? Kiɗan ɗaya ne, amma a rediyo labarinsa kawai kake ji. Sai dai ina tare da Auwal a abu guda: ba girman fili ne yake kawo wannan ba. Ni inda na fi jin daɗi duk ƙananan wurare ne, inda makaɗin yake ganin fuskarka, in ka yi liƙi ya san kai ne.

Ghali_Agadas:
Hadiza ban ƙwace muku komai ba, Tal National manya ne. Amma ki zo Ingal lokacin bikin makiyaya na Cure Salée a watan Satumba, bayan an gama tseren raƙuma da rawar Wodaɓe da rana, ki ga abin da jita take yi da dare a fili babu katanga. Sai dai yanzu hanya ba kamar da ba, kowa ya san halin tsaro, baƙi daga waje sun ragu ƙwarai. Su kansu makaɗan abin yana taɓa su. Juyin mulkin Yulin 2023 ya samu Mdou Moctar da yaransa suna zagaye a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can sai da masoya suka yi musu karo-karo.

Zee_Kaduna:
Ni duk wanda nake so a ce na gani an yi shi kafin a haife ni. Live Aid na 1985 a Wembley, da aka yi don tara kuɗin yunwar Habasha. Queen minti 20 da 'yan kai kawai aka ba su, amma dubi yadda mawaƙinsu Freddie Mercury ya sa mutum 72,000 suna tafi tare suna amsa masa. Na kalli bidiyon ya fi a ƙirga.

Auwal_Leeds:
To kin gani, a waya kika kalla kuma ya ratsa ki. Hujjata ke nan. Wanda yake layin baya a Wembley ranar bai ga rabin abin da kika gani ba.

Hajjo_KL:
Amma shi yana cikin masu tafin, ita kuwa kallon masu tafi take yi.

Sadiq_Fagge:
Kai jama'a, kun ƙara rikita ni. Na duba, wasan da abokaina suke magana a babban zaure ne mai rufi, ba filin ƙwallo ba, don haka matsalar ruwan sama da amsa-kuwwar Auwal ta ragu. Tikitin tsayuwa da na kujera kusan kuɗi ɗaya ne. Malam Abu Hafsat, maganarka ma tana raina, ban watsar ba. Wani tunanin da ya zo mini kuma, tunda su Bombino da Tinariwen suna zagayowa Ingila, ko in jira su in fara da abin da kunnena ya ɗan sani, a ƙaramin wuri, da kuɗi kaɗan?

Injiniya_Berlin:
In dai za ka je na abokanka, tsayuwa. Rok a zaune ba rok ba ne. Ka tsaya kusa da teburin mai haɗa sauti a tsakiyar zauren, nan ne sauti ya fi daidai don daga nan yake auna shi, kuma babu matsi.

Maman_Ikram:
Kujera dai, Sadiq. Kar ka biye wa Injiniya.

Hadiza_Yamai:
Jira 'yan gida. In ka je ka yi musu sallama da Hausa bayan an tashi, yawancin na Nijar suna ji, za ka ga yadda za su karɓe ka.

Bello_Sakkwato:
Malam Ghali, tambaya a gefe. Daga Birnin Ƙonni zuwa Agadas ta Tawa da Abalak, motocin safa suna tafiya kullum yanzu, ko sai an jira rakiya? Akwai auren wani abokin kasuwancina bayan Sallah, ya ce an riga an kama makaɗa.

Ghali_Agadas:
Malam Bello, abin yana canzawa daga wata zuwa wata, kar in faɗa maka na yau ka taho da shi bayan Sallah. In lokacin ya matso ka yi mini magana ta akwatin sirri in tambayar maka direbobi. Wace unguwa ce auren?